Kwanonmu da Aminiyar Matata

Har yanzu aminiyar matata tana wucewa ta ƙofar gidana kowace safiya. Takan zo a hankali, da mayafinta mai ruwan toka da takalmin roba irin na 'yan makaranta, ba ta riƙe sanda. Ta girmi matata, kuma ciwonsu ɗaya ne. Idan ta iso daidai dakalin da nake zama sai ta rage tafiya ta ce, "Sarkin noma, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa yadda ya kamata. Ban taɓa gaya mata magana marar daɗi ba. Amma ina so in rubuta abin da ke taso mini a ƙirji idan na bi ta da kallo. 'Ya'yana suna tsammanin kewar uwarsu ce kawai. Da kewar a ciki. Akwai kuma wani abu da ya riga kewar, wanda ya fara tun uwarsu tana da rai.

A Gadarif aka haife ni, wani gari can ƙasar gabas a kan hanyar mahajjata. Kakanninmu sun fito daga yamma da niyyar hajji, suka tsaya nan su yi noma su sami guzuri, noman ya riƙe su. Ni ma dawa na noma duk rayuwata, da riɗi kaɗan, a gonarmu ta wajen Fashaga. Manomi a nan baƙo ne a gidansa. Da ruwa ya sauka baƙar ƙasar nan takan kama ƙafar mota, sai mutum ya zauna a gona sai yadda hali ya yi. Da kaka kuma ana can tare da 'yan ƙwadago har a ɗinke buhu na ƙarshe. Ko ina gida ma, ba tare muke cin abinci da matata ba. Haka muka taras ana yi: a fito wa maza da faranti waje, mu ci da maƙwabta da duk baƙon da Allah ya kawo, mata da yara su ci a ciki. Na san hannunta a tuwo da kisra, wato siririyar wainar dawa mai faɗi da ake yi a kasko, cikin farantai masu yawa zan iya nuna nata. Amma yadda ita kanta take cin abinci, ban taɓa gani ba.

Sai da 'yar autarmu ta yi aure, samarin suka karɓi gona, gidan ya yi shiru. Wata rana da hantsi ta kawo mini fatur, wato abincin farko da muke ci idan rana ta ɗaga. Ina zaune ni kaɗai a rumfar kara da ke tsakar gida. Ta ajiye za ta juya, na ce, "Hajiya, zauna mana. Wa zai gan mu?"

Ta ce, "Allah zai gan mu."

Na ce, "Ai da saninsa aka ɗaura auren."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa. Ran nan loma kaɗan ta yi. Washegari ta zo da ruwan wanke hannu na mutum biyu.

A nan na fara sanin matar da na aura tun ina saurayi. Ashe da zafi take son tuwo, ba ta jira ya huce. Ashe gefen kisra da ya ɗan ƙone shi ne abin sonta, duk shekarun nan tana gutsure shi kafin a fito mana da farantin. Takan tura tsokar nama gefena da ɗan yatsa tana kallon wani wuri, in tura mata, ta sake turowa. Shayinta kuwa sukari ne da ɗan ruwa. Kuma tana magana idan tana ci, magana mai yawa, labarin unguwa da na mutanen da suka daɗe da rasuwa. Na riƙa tashi daga sallar asuba ina jiran hantsi. Ban gaya wa kowa ba, domin ba abin da dattijo zai faɗa ba ne.

Mace ce mai jiki tun asali, kuma a wurinmu wannan abin yabo ne. Matar manomi idan ta cika ta batse, an san rumbun mijinta ba a bushe yake ba. Da ta fara haki idan ta ɗauko ruwa daga randa, muka ce shekaru ne. Da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, muka ce zama ne. Sai ranar da ta sunkuya za ta ɗauki muciya ta kasa miƙewa, ta dafe ƙirji, numfashinta yana fita sama-sama. Babban ɗanmu ya kai mu asibiti.

Likitan saurayi ne, bai fi sa'an ɗana na biyu ba. Bayan gwaje-gwaje ya zaunar da mu ya yi bayani da Larabci a hankali. Ya ce zuciyarta ta gaji, tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta. Za ta sha magani kullum ba fashi, ta rage gishiri, kuma nauyin jikinta ya sauka, amma sannu a hankali, ba da yunwa ba. Ya lissafa abin da za ta ja baya da shi: kisra, tuwo, burodi, shinkafa, taliya, sukari. Ya ce idan za ta ci tuwo, kada ya wuce dunƙulen hannunta a yini. Ta cika cikinta da ganye da kuɓewa da kifi da ƙwai da kaza da nono, da ɗan wake, da gyaɗa ko riɗi cikin tafin hannu. Ta riƙa tafiya da safe, irin tafiyar da mutum zai iya hira yana yi, idan ƙirji ya yi nauyi ta tsaya. Kuma ta riƙa dawowa, domin idan jiki ya ragu maganin ma sai an sake duba shi.

Na ce, "Likita, har dawa?"

Ya ce, "Ya Hajj, dawar ce kan gaba, tunda ita take ci safe da yamma."

Ban yarda ba. Ban yi masa musu a gabansa ba, amma a hanya na gaya wa ɗana cewa yaron bai san dawa ba. A ganina ciwon nan abincin birni ne ya kawo shi, burodin alkama da farin sukari. Ubana da kakana dawa suka ci har suka tsufa. Na manta cewa su da ƙafa suke zuwa gona, da hannu suke yanka, kuma shayi sai ranar biki. Sai na shiga neman irin da ba ya cikin lissafin likita. Na je kasuwar hatsi na samo jar dawar nan feterita, wadda muke cewa tana ƙara jini. Na kawo farar dawa mai laushi. Na kawo gero. Na aika aka sayo mini zuma daga garin Gallabat don ta maye gurbin sukari, na haɗa da dabino. Duk abin da na kawo takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta kai ɗaki ta ajiye.

Kwanonmu ya zama biyu. Nawa da malmalar tuwo da miyar kuɓewa, nata da ganye da dafaffen ƙwai. Ko dunƙulen da likita ya yarje mata ta ƙi taɓawa, ta ce ta san halinta, idan ta fara ba za ta tsaya ba. Kuma ita take tuƙa mini tuwon da hannunta, ita take zuba kisra a kasko, ƙamshin yana dukan fuskarta. Sai ta zauna tana juya ganye da yatsa, idonta a kwanona. Hirar ta ɗauke. Wata rana na shiga madafa neman wuta, na same ta a tsaye ta juya wa ƙofa baya tana cin ƙanzo da sauri. Muka haɗa ido. Na ɗauki garwashina na fita. Ran nan ba ta fito fatur ba.

A wannan makon aminiyarta ta zo. Tare suka tashi tun suna 'yan mata, gidanta yana bayan namu, katanga ɗaya ce tsakani. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ma an gaya mata irin wannan maganar a asibiti tun kafin matata, ta bi, ta rame, har aka riƙa raɗe-raɗin ko wani mugun ciwo ne take ɓoyewa. Ta same ni a rumfa, ta ga tulun zuma da ɗan buhun feterita a ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Sarkin noma, wannan fa?"

Na ce, "Ja ce. Ba irin wadda likita yake nufi ba ce."

Ta ce, "Ja ko fara, idan ta shiga ciki duk hanya ɗaya suke bi. Zumar ma 'yar'uwar sukari ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta juya wajen matata. "Ƙawa, ba za ki iya a gidan nan ba. Gidan da kaji ma suke tafiya da ƙyar saboda ƙoshi? Gobe in an yi sallah zan biyo miki mu taka, mu dawo ki yi fatur a wurina. Ni babu kasko a wuta, babu abin da zai ja miki rai."

Matata ta dube ni. Da na ce a'a da ba ta je ba, na san wannan. Amma na tuna yadda na gan ta a madafa. Na ce, "Allah ya sa a dace."

Daga nan safiyata ta canja. Da gari ya waye sai in ji an ƙwanƙwasa ƙofa, in ji takunsu yana nisa. Da farko ba sa wuce bakin layi, matata ta zauna a kan dutse ta huta su dawo. Daga baya suka riƙa daɗewa. Fatur ɗina kuwa matar babban ɗana ce take kawowa. Yarinyar kirki ce, takan durƙusa ta ce, "Baba, ga shi," ta tafi. Tuwon na matata ne, takan tuƙa tun da duhu ta rufe shi kafin ta fita. Sai in zauna in ci, ina jin su ta bayan katanga. Ba na jin abin da suke faɗa. Dariyar kawai nake ji. Matata tana da wata dariya da ban san ta da ita ba, mai ƙarfi, har da tari a ƙarshe. A wurina takan rufe baki. A can ba ta rufewa.

Kuma abin ya yi mata amfani, wannan ba zan ɓoye ba. Kumburin ƙafa ya sauka. Ta koma kwanciya da matashi ɗaya maimakon jingina da bango. Ta riƙa yin sujada ba tare da an kawo mata kujera ba. Zoben da ya nutse a yatsanta tun haihuwar ɗanmu na uku ya fara juyawa. Da muka koma asibiti likita ya duba ta ya yi murmushi, ya rage mata ƙwaya ɗaya, ya tambaya wa yake taimaka mata. Ina zaune a gefenta, ni na kawo ta. Ta ce, "Wata ƙawata ce." Ya ce, "Ki riƙe ta da kyau, ta fi maganina." Na yi hamdala da baki, da zuciya ma na yi. Amma a hanyar gida titi kawai nake kallo, har ta tambaye ni ko kaina ke ciwo.

A masallaci kuma abokaina ba su bar ni ba. Wani da muka yi noma gona da gona ya ce, "Alhaji, an ce Hajiya ta koma yarinya. Rumbun ne ya ƙare, ko rowar tsufa ce ta kama ka?" Wani ya ce, "A'a, ciyarwar ce aka karɓe masa, maƙwabciya ce mai gidan yanzu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasa ne irin namu, ba da mugunta ba. Sai dai ya taɓa wurin da yake ciwo.

Na yi tunanin hanya. Na ce idan tuwona ne ya kore ta, sai in bar tuwon. Da yamma na ce mata, "Hajiya, daga gobe a zuba mini irin naki. Ganyen da ƙwan. Mu ci a nan."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni sosai. "Kai me ya same ka?"

"Ba komai."

"To mutum lafiyarsa ƙalau, manomin dawa, a ce matarsa ta hana shi tuwo? Me zan ce wa 'yan'uwanka? Su ce ciwona na shafa maka? Tun ina yarinya ban taɓa barin farantinka ya fita babu tuwo ba, ko shekarar da fari ya cinye gona. Ba zan fara yanzu ba."

Na ga idonta ya kawo ruwa, na bar maganar. A wurinta tuwon nan shi ne mutuncinta. Ni kuma na kasa buɗe baki in ce ba abincin nake nema ba, zaman nake nema. Mutanenmu ba su koya mana irin wannan maganar ba.

Sau ɗaya na je gidan aminiyar da hantsi. Na ce ina neman makullin ɗakin ajiya, alhali yana aljihuna. Na yi sallama daga zaure, dariyar ta tsaya cak. Aminiyar ta leƙo ta ce, "Sarkin noma da kansa. Ka zo duba ko ina ba ta abinci?" Gidan gwauruwa ne, ba zan shiga in zauna cikin mata ba, ita ma ta sani. Ta shimfiɗa mini tabarma a zauren, ta kawo mini ɗan kwano: gasasshen gauta da nikakkiyar gyaɗa da lemun tsami, da kifi a gefe, da ganyen zogale. Na ci ni kaɗai ina kallon bango. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abincin yana da daɗi. Da na tashi tafiya ta ce, "Makullin fa, an gani?" Na ce an gani. Ban kai ƙofar gidana ba na ji dariyar ta dawo.

Haka muka tafi har kaka ta zo. Muna da wata al'ada a gidanmu, daga uwata na gaje ta. Dawar farko da aka sussuka a gona ba a kai ta kasuwa, ba a zuba ta a rumbu. Mai gida yakan ɗebo kaɗan ya kawo wa matarsa da hannunsa, ta surfa ta niƙa ta tuƙa, ita za ta fara kai loma baki kafin kowa, sannan a ce an ci sabuwa. Tun aurenmu ban taɓa fashi ba. Da can a madafa take cin lomarta, a aiko mini cewa ta ci. Shekarun da muka fara cin abinci tare ne na riƙa ganin lomar da idona.

Wannan shekarar na bi yaran zuwa Fashaga, ko da yake ba ni da sauran aiki a can. Na ɗebo dawar a ɗan buhu, na biyo motar kaya, na iso gida da hantsi, ƙura har cikin gemu. Gidan ba kowa. Na zauna a rumfa da buhun a gabana. Ta bayan katanga ina jin su. Na daɗe a zaune, ban wanke fuska ba.

Da matata ta shigo ta gan ni ta ga buhun, ta tsaya. Ta ce, "Alhaji, sannu da hanya. Ba ka aiko ba."

Na ce, "Ga sabuwa nan. Ki kai wa likitarki ta bayan katanga ta duba, idan ta halatta."

Ban ɗaga murya ba. Amma a tsawon zamanmu ban taɓa yi mata magana mai ƙaya irin wannan ba. Ta sunkuya ta kwance bakin buhun, ta tsoma hannu ta ɗebo, ta shinshina, ta ɗan tauna ƙwaya ɗaya kamar yadda take yi kullum. Ta ce, "Ta yi kyau bana." Ta ɗauka ta shiga ciki. Can anjima na ji ta fita ta ƙofar baya, ta ɗan jima ta dawo, sannan na ji turmi.

Bayan la'asar ta fito da babban kwanon nan namu, wanda na daɗe ban gani ba. Kwano ɗaya, da ruwan wanke hannu na mutum biyu. Ta buɗe. A gefena malmalar sabon tuwo. A gefenta ganye da kifi da kuɓewa, miyar ba gishiri sosai, ta ajiye mini nawa gishirin a murfi. A tsakiya kuma, daidai inda gefen biyu suka haɗu, ga wani ɗan ƙaramin tuwo. Ta dunƙule hannunta ta ajiye kusa da shi don in gani, girmansu ɗaya.

Ta yi bismillah ta gutsura da zafinsa ta kai baki. Ta rufe ido tana taunawa. Ta ce, "An ci sabuwa." Na ce, "Allah ya maimaita mana." Ta ci dunƙulenta a hankali, tana haɗa kowace loma da ganye mai yawa, har ya ƙare. Na ga hannunta ya tsaya a bakin iyakar. Na ja malmalata baya kaɗan, ita kuma ta turo mini tsokar kifi da ɗan yatsa tana kallon wani wuri. Sai ta fara ba ni labarin wata mata da akuyarta ta shiga gidan biki. Ban ji rabin labarin ba. Muryar nake saurare.

Da muka wanke hannu na ce, "Wannan dabara ta yi."

Matata ba ta iya ɓoye abu ba. Ta ce, "Ai ƙawata ce. Na je na gaya mata abin da ka ce. Ta ce in daina raba kwano, in raba cikinsa. Ta ce yanzu na yi ƙarfin da zan iya tsayawa a dunƙule ɗaya. Ta ce kuma mijin nan naki ba dawarsa yake wa kishi ba."

Na ce, "Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

Abin da na kasa faɗa wa matata, wata ta gane shi daga bayan katanga, ta kuma faɗa mata. Kwanon da aka dawo mini da shi ma ta hannunta ya biyo. Na so in ji haushi sosai, amma cikina a ƙoshe yake, matata kuma tana zaune a gabana tana sakace. Na bar shi.

Daga ranar abincin yamma ya zama namu, kwano ɗaya, dunƙulenta a tsakiya. Ta ce a gidan ƙawarta ba ta taɓa komai na hatsi, rabonta na yini a nan take ci. Fatur kuwa ya zauna a can, sai ranar Juma'a da ba sa fita. Na karɓi rabon da aka ba ni. Ba zan ce na daina jin dariyar nan da hantsi ba, kuma ba zan ce ta daina damuna ba.

Mun ci sabuwa tare wasu shekaru bayan wannan, shekarun da likita da kansa ya ce bai yi tsammani ba. Ta ga auren jikarta ta fari, ta tsaya da ƙafarta ta karɓi baƙi. Sannan wata damina zuciyar ta sake gajiya. Wannan karon ba nauyi ba ne, lokaci ne. Ta kwana biyu a asibiti ta cika da rana tsaka, ina riƙe da hannunta. Aminiyar ce ta yi mata wanka. Wannan ma haka ya kamata, aikin mata ne. Na zauna a waje tare da maza.

Bayan an share makoki na daɗe ba na son ganin matar. Ba ta yi mini komai ba sai alheri. Amma idan na gan ta tana tafe da ƙafarta, da numfashinta, sai in ce a raina ciwo ɗaya, abinci ɗaya, hanya ɗaya, ga ta nan. In yi istigfari. Sai kuma in tuna cewa duk safiyoyin da matata ta samu na ƙarin lafiya, mafi kyawunsu a wurinta suke. Ita ta san abin da suka faɗa. Ni abin da ya tsallako katanga kawai na samu.

A bara ni ma na fara haki idan na hau matakalar masallaci. Likita ya gaya mini abin da na riga na haddace. Na ce masa na sani, har girman dunƙulen. Matar ɗana tana zuba mini a babban kwanon, ganye da yawa, ɗan tuwo a tsakiya. Ba wanda ya ce in ci ta gefe ɗaya na kwanon, amma a gefena na da hannuna yake tsayawa. Tafiyar ce na kasa farawa.

Kwanakin baya aminiyar ta tsaya a ƙofata fiye da yadda ta saba. Ta ce, "Sarkin noma, an ce kai ma an hana ka dawarka."

Na ce, "An rage mini dai."

"To zaman dakali ba ya cikin maganin."

Na daɗe ina riƙe da wata tambaya, sai ta fito da kanta. Na ce, "Hajja, me kuke wa dariya haka kullum?"

Ta dube ni, ta gyara mayafi. Ta ce, "Kai mana. Wa kuma? Takan kwaikwayi yadda kake shigowa da buhu, ka ce wannan ja ce, ba ta cikin lissafi. Har tafiyarka take yi, da gyaran murya. Ranar makulli kuwa sai da na ba ta ruwa." Ta ƙara da cewa, "Ba ta da wata hira sai taka. Har nakan gaji."

Na sunkuyar da kai. Na ji daɗi, kuma na ji zafi, domin ban taɓa sanin matata ta iya kwaikwayo ba. Wannan ma aminiyar ce ta gani.

Na ce, "Ta ina kuke bi?"

Ta nuna da hannu. A miƙe har bakin layi, a karya ta bayan makarantar 'yan mata, a bi gefen kwarin har inda ake hango manyan rumbunan hatsi na gari. Akwai wani dutse a gindin bishiyar aduwa, nan matata take zama ta huta. Daga nan a juyo ta wajen masu sayar da nono.

Ba zai yiwu mu jera da ita a hanya ba, ni da matar da ba tawa ba, ita ma ba ta ce mu jera ba. Nakan jira ta wuce ta dawo, ta shiga gidanta. Sannan in sa takalmi in fita. Har yau ban kai rumbunan ba. Dutsen nake kaiwa, in zauna har numfashina ya daidaita, in juyo.